Tuddan Kusheyin Durɓi: Rubuta Suna a Takarda Ya Isa Kariya?

Bakatsinen_Mani:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya wadda nake roƙon masana da dattawan da ke cikinmu su tattauna a kanta. A ƙasar Mani, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Katsina, akwai wurin da ake kira Durɓi Takusheyi, inda ake da tuddai aƙalla 8 waɗanda mutane ne suka tara ƙasarsu da hannu a kan kaburburan manya na zamanin Durɓawa, wato gidan sarautar da labarin kaka da kakanni ya ce ya fara da Kumayau ya ƙare da Sanau, wanda Korau ya kayar ya karɓe mulki. Tun kafin a sami 'yancin kai gwamnati ta sanya wurin cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. Amma tudun ƙasa ba dutse ba ne, kowace damina sai ruwa ya ɗebi rabonsa, ga kofaton dabbobi, ga garma, ga masu neman dukiyar da suke zaton an binne. Tambayata kashi biyu ce. Shin sanya wuri a jerin gwamnati ya isa ya kare shi, kuma idan bai isa ba, nauyin yana wuyan wa, gwamnatin tarayya ko ta jiha, masarauta ko mutanen ƙauyen da ke kewaye? Sannan shin tono irin waɗannan tuddai da sunan bincike kariya ce, ko kuwa shi ma wani nau'i ne na ɓarna?

Malamar_Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malam Bakatsine. Tambayarka ta biyu tana da amsa a tarihin wurin kansa, domin sau biyu aka tona shi, kuma tonon biyu ba su yi kama da juna ba. A 1907 Bature mai suna Herbert Richmond Palmer, tare da haɗin gwiwar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ya sa aka buɗe wasu daga cikin tuddan. A wancan zamani ba a zana matsayin kowane abu kafin a ɗaga shi, ba a tace ƙasa, babu kuma gwajin kabon da ake auna shekarun ƙashi ko gawayi da shi, saboda haka abin da ya rage mana daga wannan aiki ɗan bayani ne kaɗan.

A 1992 masu bincike daga Jamus suka tona wasu tuddai 3. A tsakiyar kowane ɗaya sun tarar da mutum guda, an binne shi da kaya masu yawa: ƙarafa, duwatsun ado na gilashi, ɗiyan wuri, hauren giwa, zinariya, har da ragowar tufafi da itace da fata. Dabarar da suka yi ita ce, maimakon su tsince kayan ɗaya bayan ɗaya cikin rana da iska, sai suka yanko ƙasar da ke riƙe da su dunƙule-dunƙule, aka kai gidan tarihi na Jos aka ajiye. A 2007 aka ƙulla aiki tsakanin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da wani gidan tarihi na birnin Mainz a Jamus, inda aka buɗe dunƙulen a ɗakin gwaji sannu a hankali, daga baya aka dawo da kayan Nijeriya. Ta haka aka gane cewa kaburburan sun kama daga wajen ƙarni na 14 zuwa farkon ƙarni na 16, kuma daga cikin kayan akwai tasar ƙarfe da aka ƙera a ƙasashen Musulmi na Gabas ta Tsakiya, wadda ta ƙetaro Sahara har ta iso ƙasar Katsina. Da an tsinci tasar nan a hannun dillali a wata kasuwa, da babu wanda zai iya cewa daga kabarin wa ta fito, ko a wane ƙarni aka binne ta. Tonon tudu kamar yankan rago ne, ba a yin sa sau biyu, shi ya sa ra'ayina shi ne a bar sauran tuddan yadda suke.

Ɗan_Ƙofar_Sauri:
Malama, abin da ya tsaya mini a rai cikin bayaninki shi ne tazarar da ke tsakanin 1992 da 2007. Shekara 15 kayan kakanninmu suna jiran a buɗe su, kuma da aka tashi sai da aka ƙetare teku da su. Wannan kaɗai ya isa hujjar cewa bai kamata a sake taɓa wani tudu ba sai mun mallaki ɗakin gwaji da ƙwararrun da za su yi aikin a gida.

Almajirin_Zazzau:
Ina neman afuwar jama'a, amma akwai ɓangaren da aka tsallake, shi ne na addini. Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Sayyidina Aliyu da umarnin kada ya bar wani kabari mai tudu face ya daidaita shi. Waɗanda ke kwance a Durɓi Takusheyi, bisa ga abin da Malama ta faɗa, an binne su da dukiya da kayan ado, wanda ba haka Musulunci ya koyar ba. To yaya za a ɗauki kuɗin jama'a a kewaye kaburburan da aka ɗaukaka, a kafa musu allo, a riƙa gayyatar mutane su zo kallo? Tsorona shi ne abin da aka fara da sunan tarihi ya ƙare da neman tabarruki da yanka, domin duk mun san yadda shirka ta fara a cikin mutanen Annabi Nuhu. Ba ina cewa a kawo katafila a baje su ba ne, amma ban ga dalilin girmama su ba.

Malam_Na_Zaure:
Ɗana Almajirin Zazzau, Allah ya ƙara maka kishin addini. Hadisin da ka kawo ingantacce ne, kuma tsoron da ka bayyana yana da tushe. Sai dai a haɗa shi da sauran nassoshi. A hanyar Tabuka, Manzon Allah ya bi ta Hijir, mazaunin Samudawa, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai fa idan suna masu kuka, ya kuma hana su amfani da ruwan rijiyoyin wurin in ban da rijiyar taguwa. Bai ce a rushe ba. Wurin yana nan har yau da kaburburansa da aka sassaƙa cikin duwatsu, kuma shi ne wuri na farko a Saudiyya da hukumar UNESCO ta sanya a jerin kayan gadon duniya, a 2008. Alƙur'ani kuma a wurare da dama ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance, kuma ba a duba abin da aka shafe.

Game da tono, lokacin da za a gina masallacin Madina akwai kaburburan mushrikai a filin, aka tone su saboda buƙata, wanda ke nuna cewa ba haramun ne a kowane hali ba. Amma an kuma ruwaito cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Abin da nake fahimta shi ne, tono domin neman zinariya a sayar ba shi da wata fuska ta halacci, tono domin ilimi kuwa sai da buƙata ta gaske, kuma idan an gama a mayar da ƙasusuwan a rufe, kada a shimfiɗa ɗan Adam cikin akwatin gilashi yara suna nuna shi da yatsa. Batun tabarruki kuma maganinsa mai gadi da malamin da ke karantar da mutanen garin, domin wurin da aka yi watsi da shi ya zama kufai shi ne wanda bokaye suka fi zuwa da dare.

Almajirin_Zazzau:
Allah ya gafarta Malam, na gamsu da batun mayar da ƙasusuwa da hana masu neman dukiya. Amma har yanzu ina kan bakana game da mayar da wurin filin yawon buɗe ido, domin hadisin Hijir da Malam ya kawo ya ce a shiga ana kuka, bai ce a shiga ana ɗaukar hoto ana dariya ba.

Baba_Manomi:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, jikana ne ke taimaka mini da rubutu, amma ina so masu ilimi su ji ta bakin wanda ke riƙe da fartanya. A garinmu, wanda ba Mani ba ne, akwai wani tudu a bakin gonar da na gada, kuma tun muna yara iyayenmu suka hana mu noma kansa, suna cewa akwai mutanen da a ciki. Duk shekara idan garmar shanu ta bi ta gindinsa sai ta fito da tsingaro mai zanen igiya a jikinsa, mai kauri fiye da na tukwanen yanzu, wata shekara kuma ruwa ya wanko wata munduwa da ta yi tsatsa kore shar. Na kai wa mai unguwa, shi kuma ya aika wa wani ofishi a birni. Suka zo da mota, suka ɗauki hotuna, suka karɓi munduwar, suka ce kada in sake noma kadada ɗaya da ke kewaye da tudun har sai sun dawo. Ba su ba ni takarda ba, ba su yi maganar diyya ba, ba su kuma dawo ba. Maƙwabcina da ya ga haka, da masu tifa suka zo neman ƙasar cike fili, sai ya sayar musu da nasa tudun, kafin a yi girbi sun kwashe shi tas, yara suna tsintar ƙasusuwa a gefen hanya. Mutanen gari suka ce shi ne mai wayo, ni ne wawa. Idan ana so a kare waɗannan wurare, to a daina mayar da wanda ya kai rahoto abin dariya a garinsu.

Lauya_Binta:
Baba, Allah ya saka maka da alheri, kuma a fuskar doka kai ne a kan daidai. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta haramta tono domin neman kayan tarihi ba tare da izinin hukumar ba, ta wajabta kai rahoton abin da aka tsinta, ta kuma hana fitar da kayan waje ko cinikinsu sai ta hannun wanda aka ba lasisi. Matsalar ita ce tarar da ke ciki an yanka ta ne da darajar naira ta wancan lokaci, a yau kuwa kuɗin tifa ɗaya ta ƙasa ya ninka ta. Matsala ta biyu ita ce kariya mai ƙarfi tana kan wuraren da aka ayyana a hukumance, su kuwa ba su da yawa, alhali tuddai irin na gonar Baba, waɗanda babu wanda ya taɓa rubuta sunansu, sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Shawarata ga duk wanda aka karɓi wani abu a hannunsa ita ce ya nemi takardar shaida mai sa hannu da kwanan wata, a gaban mai unguwa.

Ɗan_Damagaram:
'Yan'uwa na Nijeriya, ku dubi abin da ya same mu a Nijar kafin ku yi ɗokin tallata Durɓi Takusheyi ga duniya. A 1975 aka gano maƙabartar Bura a yankin Tera, yamma da kogin Kwara, a 1983 kuma masanin nan Boubé Gado na Jami'ar Yamai ya yi tono a wurin da ake kira Asinda-Sikka. An tarar da ɗaruruwan tuluna na yumɓu an kifa su a jere kusa da juna, wasu da siffar kawunan mutane a samansu, har da mutum-mutumin mahayin doki, kuma shekarunsu sun faro tun daga wajen ƙarni na 3. A shekarun 1990 aka yi baje kolin kayan kwarin Kwara a Faransa da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, masu tara kayan gargajiya a Turai suka ga kayan Bura suka yi sha'awa, farashi ya tashi. Abin da ya biyo baya shi ne talakawan da fari ya ci gonakinsu suka ɗauki diga da shebur, dillalai suna biye da su da kuɗi a hannu, aka rarake mafi yawan wuraren. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta fitar da jan jeri na kayan Afirka da aka fi sata, Bura tana ciki, haka ma mutum-mutumin yumɓu na Nok da na yankunan Katsina da Sakkwato. Sanarwa ta riga tsaro isowa, shi ne ya cinye Bura. Ga shi kuma yanzu an riga an faɗa wa kowa cewa akwai zinariya a tuddan Durɓi.

Direban_Agadas:
Gaskiya ne maganar Ɗan Damagaram. Ni sana'ata tuƙi ce tsakanin Agadas da arewa, kuma duk wanda ya bi ƙasar Azbin ya san tsibin duwatsun nan da ke kan tsaunuka da bakin ƙoramu, wasu zagayayyu, wasu masu hannuwa biyu kamar jinjirin wata. Buzaye sun san kaburbura ne na mutanen da suka riga su zama a ƙasar, ba sa taɓa su, makiyayi ma kewayewa yake yi da raƙumansa. Masu bincike sun auna wasu suka ce sun haura shekara 4,000. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, hamada ta cika da na'urar neman ƙarfe. Na taɓa tsayawa kusa da wani tsibi da aka buɗe, an watsar da duwatsun gefe guda, an yi rami a tsakiya daidai tsayin ƙugu, ga guntayen ƙashin ƙoƙon kai sun yi fari a rana, ga gwangwanin kifi da batir ɗin da masu tonon suka yar. Na tabbata ba su sami komai ba sai wataƙila zobe na jan ƙarfe, domin mafi yawan waɗannan mutane an binne su tun kafin zinariya ta zama abin ado a wannan yanki. A can babu mai unguwa, babu gona, babu wanda zai kai rahoto.

Malamar_Tarihi:
Bayanin Malam Direba ya nuna mana cewa ba zamani ɗaya muke magana a kai ba. Tsibin duwatsun Azbin na mutanen da suka rayu ne tun kafin rubutu ya iso, babu littafi ko waƙar fada da ta ambace su, saboda haka kabarin shi ne kaɗai shaidar da suka bari. Durɓi kuwa yana bakin gaɓa ne, inda labarin baka da rubutu suka fara haɗuwa. Akwai ma bayanin yadda ake tara irin wannan tudu, domin a 1068 malamin Andalus al-Bakri ya rubuta yadda ake binne sarkin tsohuwar daular Gana: a gina rumfa ta itace, a kwantar da shi a ciki da kayan adonsa da makamansa da ƙoren cin abincinsa da masu yi masa hidima, a rufe da tabarmi, sannan jama'a su taru su yi ta zuba ƙasa har ta zama tudu, a haƙa gwalalo a kewaye. An tona manyan tuddai a yankin tafkunan Mali, kamar na El-Oualedji, aka tarar da ɗaki a ƙarƙashi wanda ya yi kama da wannan siffa. Girman tudun yana nuna yawan hannuwan da mamacin yake iya tarawa ko bayan ransa, kuma wannan ma bayani ne da ke ɓacewa idan aka bar ruwa ya cinye tsawonsa.

Mazaunin_Manama:
Ina aiki a Bahrain, kuma a nan na ga yadda ƙaramar ƙasa ta Musulmi ta yi da irin wannan lamari. Tuddan kaburburan mutanen Dilmun, tsohuwar daular wannan yanki, waɗanda aka gina kimanin shekara 4,000 da suka wuce, a da sun rufe wani babban sashe na tsibirin, dubbai a jere har iya ganin ido. Da gari ya faɗaɗa, aka gina unguwanni da manyan tituna, mafi yawansu suka tafi. Abin da suka yi a wasu wuraren shi ne su tura masu bincike su tona su rubuta komai kafin katafila ta iso. Wanda ya rage aka shata masa iyaka, a 2019 UNESCO ta karɓi wurare 21 masu ɗauke da tuddai sama da 11,000. A garin A'ali manyan tuddan sarakuna suna tsakiyar unguwa, gida yana jingine da gindin tudu, masu ginin tukwane suna aikinsu a gefe, ban kuma taɓa ganin wani ya je yana roƙon mamacin wani abu ba, wanda nake ganin amsa ce ga ɗan'uwa Almajirin Zazzau. Sai dai kada mu manta cewa su sun yi asarar mafi yawa kafin su farka, kuma suna da kuɗin da mu ba mu da shi.

Injiniya_Sule:
Ina girmama ra'ayin kowa, amma batun UNESCO ya yi mana nisa. Wurare biyu ne Nijeriya ta samu a wannan jeri da farko, Sukur ta jihar Adamawa a 1999 da kurmin Osun-Osogbo na jihar Osun a 2005, kuma shigar Sukur jerin bai hana 'yan ta'adda kai mata hari ba. Hukumar ba ta aiko da mai gadi, sharuɗɗa take kafawa, ƙasa ce ke biyan kuɗin cika su. A jihar da manomi ke tsoron zuwa gonarsa a wasu ƙananan hukumomi, duk wanda ya kai wa gwamna buƙatar biliyoyi domin tudun ƙasa, ya san amsar da zai samu. Abin da ake buƙata ƙarami ne, kuma zan dawo kansa idan an gama maganar ƙasashen waje.

Hajiya_Zangon_Tamale:
Kafin a bar ƙasashen waje, Injiniya, a ba mu dama mu ma mutanen Gana. A arewacin ƙasarmu akwai yankin Koma, inda a ƙauyen Yikpabongo ake da ƙananan tuddai masu zoben duwatsu, cike da mutum-mutumin yumɓu. Farfesa James Anquandah na Jami'ar Gana ya yi tono a can a 1985, aka ɗauka cewa duka kaburbura ne. Bayan shekara sama da 20 wasu masu bincike suka koma da sababbin dabaru, suka ga alamun cewa wasu tuddan wuraren tsafi da neman magani ne. Da ɓarayi sun riga sun kwashe duka, da kuskuren farko ya zauna har abada, kuma an kwashe da yawa ɗin, domin kayan Koma ma suna cikin jan jerin da Ɗan Damagaram ya ambata. Wannan ya ƙarfafa maganar Malama cewa a bar wa na baya abin da za su duba.

Ɗalibar_Maiduguri:
Ina so in ƙarfafa wa Baba Manomi gwiwa. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, a jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da itace a ƙarƙashin ƙasa. Bai sare shi ya yi makamashi ba, labari ya kai ga hukuma, daga baya masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka fito da shi a 1994. Kwalekwale ne mai tsawon mita 8 da ɗoriya, mai kimanin shekara 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Ba kabari ba ne, amma hanyar ɗaya ce, mutumin karkara ne ya fara gani kuma shi ne ya yanke shawarar farko.

Bakatsinen_Mani:
Na gode wa kowa. Mun je Bahrain mun dawo, amma kashin farko na tambayata yana nan. Lauya ta nuna cewa dokar tarayya ta tsufa, Injiniya ya ce kada a jira manyan kuɗi, Baba ya nuna cewa manomi ba zai ɗauki asara shi kaɗai ba. To a Durɓi Takusheyi, wa za a kama da laifi idan aka wayi gari aka tarar da rami a kan tudu?

Dattijon_Bakin_Fada:
Ɗana Bakatsine, a ganina amsar tana kusa da kai. Sarautar Durɓi ba ta mutu ba. Durɓin Katsina shi ne hakimin Mani, kuma yana cikin manyan masu zaɓen sarki tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka. Wurin da sarauta mai rai take danganta asalinta da shi ba maraya ba ne. Ma'aikacin tarayya ana yi masa canjin wurin aiki, gwamna yana gama wa'adinsa, amma dagaci da mai unguwa suna nan, kuma su ne suka san baƙon da ya kwana a gari da abin da ya zo nema. Tun 1907 da sarki aka shiga wurin, ba a bayan idonsa ba. Abin da ya dace shi ne a naɗa mai kula da kusheyin daga cikin mutanen garin, a ba shi matsayi a tsarin masarauta da ɗan albashi daga ƙaramar hukuma, ya zama duk wanda zai hau tudun da wani ƙarfe a hannu sai ya bi ta wurinsa. Mutanenmu suna jin kunyar kiran fada fiye da yadda suke tsoron tarar da Lauya ta ce ba ta kai kuɗin tifa ba.

Lauya_Binta:
Ranka ya daɗe, na yarda da rabin maganar. Sai dai masu sarauta mutane ne, kuma a wurare da dama a ƙasar nan da saninsu ake yanka filayen maƙabartu da ganuwa ana sayarwa. Idan za a damƙa wa masarauta tsaro, to a haɗa da taswirar safiyo da aka ajiye kwafinta a hannun hukumar tarayya da ta jiha, yadda ko bayan shekara 30 za a iya auna abin da ya ragu a san wanda za a tambaya.

Almajirin_Zazzau:
Idan za a naɗa mai kula da wurin kamar yadda Baba Dattijo ya ce, ina roƙon a sa cikin aikinsa hana yanka da ƙona turare da ɗibar ƙasar tudun domin magani, kuma limamin garin ya kasance cikin waɗanda za su zaɓe shi.

Injiniya_Sule:
Ga abin da na ce zan dawo kansa. Babban maƙiyin tudun ƙasa a yankinmu shi ne ruwan watan Agusta, wanda ke fara zaizaya daga duk inda ƙasa ta tsiraita, musamman turbar da awaki da yara suka yi wajen hawa, da tsofaffin ramukan tono da ba a cike da kyau ba. A cike waɗannan da ƙasa mai launi daban domin mai bincike na gaba ya gane sabon zubi, a dasa ciyawa mai riƙe ƙasa irin jema, a hana itatuwa tsirowa a kai domin saiwarsu tana ratsa kabari ta tarwatsa abin da ke ciki, a kuma toshe ramukan gafiya. A bar tazarar 'yan mitoci tsakanin gindin tudu da kunyar ƙarshe, a kafa turakun siminti, a biya mai gona kuɗin amfanin da ya rasa kowace shekara bayan girbi, a gaban jama'a. Katangar bulo ba ta da amfani, tana tare ruwa kuma tana ɓoye mai tono daga idon masu wucewa. Game da sanin abin da ke cikin sauran tuddan, akwai na'urorin da ake ja a saman ƙasa su nuna inda rami ko ƙarfe yake ba tare da an soka shebur ba, amma sakamakon irin wannan awo bai kamata a liƙa shi a intanet ba, saboda dalilin da Ɗan Damagaram ya kawo.

Ɗan_Ƙofar_Sauri:
A nan ne ban yarda da Injiniya ba. Ɓoye sakamako shi ne ya sa yawancin Katsinawa ba su taɓa jin labarin tasar da Malama ta ambata ba, kuma mutum ba ya kare abin da bai sani ba. A ɓoye taswirar da ke nuna inda ƙarfe yake, amma a kai 'yan makarantun Mani da Mashi da Daura su ga kayan da aka riga aka fitar.

Baba_Manomi:
Injiniya, jema tana da kyau, amma a sani cewa mata za su zo yankanta domin saƙar faifai, kuma gara a bar su su yanka da rani bisa izinin mai kula da wurin, domin mai yankan jema ba za ta bari wani ya tone mata ita ba. Batun biyan diyya bayan girbi kuma, ina so Lauya ta faɗa mini ofishin da zan kai takardata, na jiha ko na tarayya, domin kadadar nan tawa har yanzu ban noma ta ba.